Wa Ke Riƙe Da Makullin Ƙofa? Darasi Daga Iyakar Maigatari

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, duk wanda aka yanke wa cibiya a ƙasar Gumel ya san abin da ranar Alhamis take nufi. Tun daren Laraba akan fara jin kukan shanu da na raƙuma a kan hanyar Maigatari, kafin hantsi kuwa kara ta cika ta batse da fatake daga Dungas da Damagaram da ƙasashen da ke gaba da su. A wannan rana ce dillali da mahauci da ɗan ga-ruwa da mai tuwo-tuwo da yaron mota, kowa yakan samu abin da zai riƙe gidansa har mako ya zagayo. Da yawa daga cikinmu da ke zaune yau a ɗakunan lacca, kuɗin rajistarmu daga wannan kara suka fito, ko da kuwa iyayenmu ba su taɓa mallakar ko ɗan maraƙi ba.

To, a watan Agusta na 2019 sai aka wayi gari Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, domin, in ji ta, a yi maganin fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A watan Nuwamba na shekarar kuma hukumar kwastan ta hana kai man fetur ga gidajen man da ba su wuce kilomita 20 daga bakin iyaka ba. Ba a nemi jin ta bakin mutumin Maigatari ba, balle na ƙauyukan Sule Tankarkar, alhali kuwa su ne tukunyarsu ta fara yin sanyi. Ƙofar ba ta buɗu ba sai ranar 16 ga Disamba 2020. Bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023 aka sake garƙame ta, aka haɗa da yanke wutar lantarkin da Nijar ke saye daga Nijeriya, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke amfani da ita. Sai a watan Maris na 2024 aka ba da umarnin buɗewa. Abin da muka koya a waɗannan shekaru ba a littafi muka karanta shi ba: in ƙofar da kake ci da ita makullinta na aljihun wani, to, cin naka na aro ne, kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Dalilin da ya sa muka tono wannan miki shi ne, akwai wata ƙofa da ta fi ta Maigatari ƙunci, wadda duniya baki ɗaya take bi ta cikinta, mu kuma muna ta ɗora rayuwarmu a kanta ba tare da mun tambayi wanda ke riƙe da makullinta ba. Wannan ƙofa ita ce ta ƙwaƙwalen na'ura, wato 'yan ƙananan sassan nan da masu gyaran waya suke kiran wasunsu ayisi, waɗanda idan babu su wayar hannu da kwamfuta da na'urar cirar kuɗi duk sun zama tarkacen roba da gilashi. Mafi tsada da wuyar samu a cikinsu su ne waɗanda ake horar da ƙirƙirarriyar basira da su, wato fasahar nan da ke sa na'ura ta amsa tambaya, ta fassara magana, ta duba hoton ƙirjin majinyaci ta ce ga alamar tarin fuka.

Ya kamata mu fahimci yadda ake yin abin kafin mu yi hukunci a kansa. Asalin ƙwaƙwalwar na'ura daga yashi ne, wanda ake tacewa a fitar da sinadarin silikon, a yanka shi sala-sala kamar faifai, sa'an nan a zana masa makunnai da haske. Ƙwaƙwalwa guda ta kamfanin Nvidia mai suna H100 tana ɗauke da makunnai biliyan 80 a fili wanda bai kai tafin hannun jariri ba. Kamfanin Nvidia na Amurka shi ke tsara zanen, amma ba shi da masana'antar da zai ƙera. Sai ya aika da zanen tsibirin Taiwan, wurin kamfanin TSMC da Morris Chang ya kafa a 1987, wanda ke ƙera kimanin kashi 90 cikin 100 na ƙwaƙwalen da suka fi kowanne ci gaba a duniya. Shi kuma TSMC ba zai iya zana ko makunni ɗaya na wannan aji ba sai da wata na'ura wadda kamfani ɗaya tak yake yin ta a bayan ƙasa, wato ASML na garin Veldhoven a ƙasar Holan. Kuɗin na'urar guda ya haura dala miliyan 150, madubanta kuma daga kamfanin Zeiss na Jamus suke zuwa. Ma'ajiyar bayanai da ake liƙa wa ƙwaƙwalwar kuwa, mafi yawanta daga kamfanonin SK Hynix da Samsung na Koriya ta Kudu take fitowa. Ashe ke nan sarƙa ce mai 'yan zobba kaɗan, kuma kowane zobe yana cikin ƙasar da take da nata abokai da nata abokan gaba.

Zoben da ya fi kowanne hatsari shi ne Taiwan. Tsakanin tsibirin da babban yankin ƙasar Sin, a inda mashigin teku ya fi tsukewa, kilomita 130 ne, kamar tafiyar Kano zuwa Gumel da 'yar ɗoriya. Gwamnatin Sin tana ɗaukar tsibirin a matsayin wani yanki nata, ta kuma sha nanata cewa ba ta yafe amfani da ƙarfi ba in ta kama. Nijeriya ma a kan wannan manufa ta Sin ɗaya take, har a 2017 ta umarci ofishin cinikin Taiwan ya tashi daga Abuja ya koma Ikko. A watan Agusta na 2022, da shugabar majalisar wakilan Amurka ta lokacin, Nancy Pelosi, ta ziyarci tsibirin, sai sojojin Sin suka kewaye shi da atisaye, har da harba makamai masu linzami. Ba sai an gwabza yaƙi ba ma. Jiragen ruwan yaƙi su tare hanya na wata biyu ko uku ya isa ya tsayar da masana'antu a nahiyoyi da dama. Daɗin daɗawa, akwai abin da ba hannun ɗan Adam a ciki: farin da aka yi a 2021 ya sa sai da aka riƙa kai wa masana'antun ruwa a tankoki, girgizar ƙasar 3 ga Afrilu 2024 kuma ta sa an kwashe ma'aikata daga wasu ɗakunan aiki.

Zobe na biyu shi ne kokawar da ake yi tsakanin Amurka da Sin. Tun 2019 Amurka ta matsa wa Holan lamba har aka hana sayar wa Sin waccan babbar na'ura ta ASML. Ranar 7 ga Oktoba 2022 ta kafa dokar hana sayar wa Sin manyan ƙwaƙwale da injinan ƙera su, ta ƙara tsaurara ta a Oktoba 2023. Ita ma Sin ba ta kwanta ba. Daga 1 ga Agusta 2023 ta sa takunkumi a kan fitar da ma'adinan galiyom da jamaniyom, waɗanda ita ce kan gaba wajen tace su, a 2025 kuma ta taɓa wasu ma'adinai masu wuyar samu da ake yin maganaɗisu da su, sai da shugabannin ƙasashen biyu suka gana a Koriya ta Kudu a ƙarshen Oktoban shekarar kafin aka sassauta. Yaƙin Rasha da Yukiren ma ya taɓa sarƙar, domin a 2022 wasu masana'antu biyu a biranen Mariupol da Odesa, waɗanda ke samar da kusan rabin iskar niyon da ake aikin ƙera ƙwaƙwale da ita, sun tsaya cik.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai faɗan giwaye ne, ina ruwan ɗan Gagarawa? To, ga inda ruwansa yake. Ranar 13 ga Janairu 2025, saura mako guda gwamnatin Shugaba Biden ta sauka, Amurka ta fitar da wata doka da ta kasa ƙasashen duniya gida uku. Gida na farko ƙawayenta ne 18, su saya yadda suka ga dama. Gida na uku su ne irin su Sin da Rasha da Iran da Koriya ta Arewa, su an rufe musu ƙofa ruf. Sauran ƙasashe, har da Nijeriya da Nijar, aka zuba su a gidan tsakiya, aka yanka wa kowace ƙasa kaso na kimanin manyan ƙwaƙwale dubu 50 zuwa shekarar 2027. Don mu gane girman wannan kaso, a 2024 kamfani guda na attajiri Elon Musk ya haɗa irin waɗannan ƙwaƙwale dubu 100 a gini guda a birnin Memphis. Wato rabon ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 rabin na kamfani ɗaya ne. Gaskiya ne gwamnatin Shugaba Trump ta soke dokar a watan Mayu na 2025 tun ba ta fara aiki ba, amma wannan ba abin kwantar da hankali ba ne. Ba da shawararmu aka kafa ta ba, ba kuma don roƙonmu aka soke ta ba. Alƙalamin da ya rubuta ya goge, yana nan a hannun mai shi.

Masu nazarin tarihi a cikinmu sun san wannan ba sabon salo ba ne. Ranar 2 ga Yuli 1890 manyan ƙasashen duniya suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Brussels, wadda ta hana sayar da bindigogin zamani ga mutanen Afirka tun daga tsakiyar Sahara har zuwa can kudancin nahiyar, aka bar musu bindigar toka irin ta maharba. Dalilin da aka bayar shi ne hana cinikin bayi, kuma mu jikokin mutanen Gumel, waɗanda hare-haren neman bayi suka ɗaiɗaita ƙauyukansu a ƙarni na 19, ba mu ne za mu kare wannan mummunan ciniki ba. Sai dai mu duba abin da ya biyo baya. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa maƙeransa sun zuba igwa a cikin birni, amma a 1899 Damagaram ta faɗa hannun Faransa. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kano ta faɗa hannun Ingila, a watan Maris Sakkwato ta bi, a shekarar kuma Gumel ta miƙa wuya. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci ba a Burmi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bindiga mai ruwa. Duk lokacin da wata fasaha ta zama ita ce ke raba mai mulki da wanda ake mulka, masu ita sukan gewaye ta da shinge, kuma ba su taɓa rasa kyakkyawan dalilin da za su bayar ba.

Haka nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu a ce kasuwarmu tana rataye da igiya ɗaya. Layin dogon Kano zuwa Nguru da ya ratsa Gagarawa tun wajen 1930, an shimfiɗa shi ne don kwasar gyaɗa zuwa bakin teku. Da farin farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka zo, dalar gyaɗa ta zama labari. A shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen haƙo ma'adinin kwalambait a tsaunukan Jos, sa'ad da Amurka ke tara shi don kayan yaƙi; da rumbunta ya cika, farashi ya faɗi warwas. A 2018 ƙasar Meziko, wadda ita ce babbar mai sayen soɓorodonmu, ta dakatar da shigo da shi saboda ƙwarin ajiya, manoman arewacin Jigawa suka zauna da buhuna a zaure. A da mai saye ɗaya ne yake juya mu. Yanzu mai sayarwa ɗaya ne zai juya mu, kuma ciwon ɗaya ne.

Akwai hujjoji uku da mukan ji daga 'yan'uwanmu idan aka tayar da wannan magana a ɗakin kwana ko a ofis, kuma adalci ne mu auna su ɗaya bayan ɗaya.

Masu hujja ta farko cewa suke yi, mutanen da ke jan ruwa daga rijiya mai gaba da yawa a Sule Tankarkar, ina su ina zancen ƙirƙirarriyar basira? A fara ba su ruwa da wuta da asibiti tukuna. Muna tare da su a kan cewa ruwa ne gaba. Amma su duba famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, ƙwaƙwalwar na'ura ce take sarrafa shi. Dillalin Maigatari da ke karɓar kuɗin sa ta waya, ɗalibin da ke rubuta jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, mai jefa ƙuri'ar da na'urar BVAS ta tantance a 2023, da ma'aikacin da albashinsa ke faɗowa ta banki, duk sun riga sun shiga ta wannan ƙofa. Gaskiya ne ƙananan ƙwaƙwale ne a cikin waɗannan na'urori, amma kasuwar ɗaya ce, kuma idan kaya suka yi ƙaranci mai ƙaramin aljihu ake fara korowa daga layi. A ƙarancin da aka yi a 2021 manyan kamfanonin motoci na Turai da Amurka da Japan sun rufe masana'antu na makwanni. In gemun waɗannan ya kama wuta, ai namu ya kamata mu shafa wa ruwa.

Masu hujja ta biyu su ne masu zafin kishi, waɗanda ke cewa mu ma mu gina tamu masana'antar mu huta da gori. Muna yaba kishinsu, amma lissafi ba ya jin kunyar kowa. A watan Maris na 2025 kamfanin TSMC ya bayyana cewa jarin da zai zuba a masana'antunsa na jihar Arizona ta Amurka zai kai dala biliyan 165. Kasafin kuɗin Tarayyar Nijeriya na shekarar 2025 gaba ɗayansa naira tiriliyan 54.99 ne, wato bai kai dala biliyan 40 ba. Irin wannan masana'anta ba ta jure ɗaukewar wuta ko ta ƙiftawar ido, mu kuwa wutar da ake raba wa ƙasa baki ɗaya takan tsaya ne tsakanin megawat dubu 4 zuwa dubu 5. Ita kanta Amurka sai da ta ware dala biliyan 52 da ɗoriya a dokar da ta yi a 2022 don jawo masana'antun gida. Duk ɗan siyasar da ya zo ya ce zai ƙera mana irin wannan ƙwaƙwalwa a wa'adin mulkinsa, to, harsashin gini yake so ya aza a ɗauki hoto, kuma mun gaji da ganin kangwaye.

Masu hujja ta uku su ne 'yan zamani, waɗanda ke cewa ba sai mun mallaka ba, ai ana hayar ƙarfin kwamfuta ta intanet daga manyan kamfanoni. Haka ne, kuma mu ma da shi muke aiki yau. Amma ɗan haya ba ya hana mai gida sauya kwaɗo. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet guda 4 da ke ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka shiga halin ni-'yasu. Kuma da dala ake biyan hayar. Dalar da gwamnati ke sayarwa a kan naira 460 da 'yan kai a watan Mayu na 2023, ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. A wannan canji, ƙwaƙwalwar H100 guda, wadda kuɗinta ya fara daga dala dubu 25, ta kai naira miliyan 37 da rabi, wato albashin fiye da shekara 44 na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70.

To, in ba za mu iya ƙerawa ba, ba kuma za mu iya dogara da haya ba, sai mu naɗe hannu? A'a. Rufe ƙofa yakan koya wa wanda aka rufe wa dabara, muddin yana da abin farawa. Da aka yanke wa Nijar wuta a 2023, ta hanzarta kunna tasharta ta hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, domin dama an riga an gina ta. Da aka hana Sin manyan ƙwaƙwale, kamfanin Huawei ya fito da waya mai ƙwaƙwalwar gida a watan Agusta na 2023, kamfanin DeepSeek kuma ya nuna a Janairu 2025 cewa ana iya yin aiki mai kyau da ƙwaƙwalen da ba su ne na sahun gaba ba, domin dama suna da injiniyoyin. Tanadin da aka yi kafin ranar shi ya cece su, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ga tanadin da muke ganin yana cikin ikonmu.

Na farko ya rataya ne a wuyan matasan ma'aikata, domin ta teburinsu fayil yake bi kafin ya isa gaban Babban Sakatare. Duk sa'ad da aka kawo kwangilar mayar da wani aikin gwamnati kan kwamfuta, ko biyan albashi ne, ko rajistar filaye, ko bayanan majinyata, to, a rubuta tambaya uku a jikin fayil ɗin: a wace ƙasa za a ajiye bayananmu, za mu iya kwashe su mu koma wurin wani in mun ɓata da wannan kamfani, kuma yaya aikin zai ci gaba in intanet ya ɗauke na wata guda? Kwangilar da ba ta amsa waɗannan ba, kada a ce ta cancanta. Wannan ba ya bukatar ko sisin dala, sai dai ƙarfin hali.

Na biyu, jami'o'inmu su daina tunanin kowa tasa ta fisshe shi. Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Jami'ar Fasaha ta Babura, da Jami'ar Bayero, da Kwalejin Ilimi ta Gumel, da makarantar koyon kwamfuta ta Kazaure wadda aka kafa tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, babu wadda ita kaɗai za ta iya riƙe cibiyar lissafi mai ƙarfi. Amma in sun haɗa kai suka tunkari asusun TETFund da murya ɗaya, za a iya kafa cibiya guda mai aiki da hasken rana, wanda Allah ya hore mana shi a yalwace, a zuba mata ƙwaƙwale matsakaita daga masu sayarwa fiye da ɗaya, kowane ɗalibi mai bincike ya samu rabonsa na lokaci.

Na uku, kuma shi ne ya fi kusa da zuciyarmu, mu tattara abin da babu wata dokar wata ƙasa da za ta hana mu, wato harsunanmu da saninmu. Na'ura ba ta koyon komai sai daga maganar mutane. Kalmomin ciniki a kara, da sunayen cututtukan dabbobi a bakin Bafulatani, da Mangancin da ya rage a bakin tsofaffin Lautai, da ilimin manomin riɗi game da ƙasa da damina, babu su a rumbun kowane kamfani. Ƙungiyoyin masu bincike irin su Masakhane da HausaNLP sun fara wannan aiki, a watan Satumba na 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da manhajar N-ATLAS mai jin Hausa da Yarbanci da Ibo. Ya kamata sassan nazarin harsuna da na kimiyyar kwamfuta su haɗa ɗalibansu a aikin kammala digiri, su fita ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana, da iznin masu maganar, a kuma rubuta a fili cewa abin da aka tara mallakar jami'a ne da al'umma. In ba haka ba za a kwashe shi kamar gyaɗa, a dawo mana da shi a gwangwani mu saya. Sa'an nan mu ba da ƙarfi wajen ƙananan manhajoji da za su yi aiki a cikin wayar malamin gona ko ungozoma ko da babu intanet.

Na huɗu, mu fara hawa tsani daga matakin ƙasa ba tare da jin kunya ba. Ƙasar Malesiya ba da ƙera ƙwaƙwalwa ta fara ba. A 1972 kamfanin Intel ya buɗe ƙaramar masana'antar harhaɗawa a tsibirin Penang, yau ga shi ƙasar tana riƙe da kimanin kashi 13 cikin 100 na aikin harhaɗawa da gwaji na duniya. Muna da yankin ciniki maras haraji a Maigatari tun farkon shekarun 2000, wanda har yanzu bai cika burin da aka kafa shi dominsa ba. Me zai hana a fara da harhaɗa na'urar sarrafa famfon hasken rana da mitar wuta a can, ga kasuwar Nijar a bakin ƙofa? Yaran da ke gyaran waya a bakin tasha kuma a ɗauke su a matsayin ma'aikatan fasaha, a ba su horo da takardar shaida, domin ranar da sabo ya gagara, wanda ya iya raya tsoho shi ne sarki.

Na biyar, a fagen hulɗa da ƙasashen waje mu riƙe matsayinmu na 'yan ba-ruwanmu. Kada mu yarda wani ya sa mu rantse cewa daga wurinsa kaɗai za mu saya, ko daga gabas yake ko daga yamma. Masu neman ma'adinin litiyom a Nasarawa da kuzar Jos da yuraniyom na Arlit, a gaya musu cewa farashin ya haɗa da horar da 'ya'yanmu da kafa cibiyoyi a ƙasarmu. Irin wannan ciniki kuwa ba ya yiwuwa ga wanda ke gaba da maƙwabcinsa. Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu na 2025, amma ba ta tashi daga arewa da Maigatari ba, kuma ba za ta tashi ba. Abin kunya ne mu yi kukan an rufe mana ƙofa a Washington alhali mu ma muna rufe wa ɗan'uwanmu na Dungas.

'Yan'uwa, nan da shekara 15 waɗanda ke karanta wannan mujalla su ne za su zama daraktoci da shugabannin sassa da 'yan majalisa. A hannunsu takardun za su faɗo, kuma a lokacin babu wanda zai ce bai sani ba. Kakanninmu na 1903 ba su samu labarin abin da aka ƙulla a Brussels ba sai da suka gan shi a bakin ganuwa. Mu kuwa a gabanmu ake ƙulla na yau, muna karantawa a wayoyinmu. Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta sa wannan batu a cikin ajandar babban taronta na wannan zango, ta gayyaci malaman kimiyyar kwamfuta da na tarihi da na harsuna su zauna a teburi ɗaya, a fitar da takarda a miƙa wa hukumar jami'a da Majalisar Dokokin Jiha a Dutse. Allah ya ba mu shugabanni masu hangen nesa, ya kuma sa mu zama daga cikinsu. Amin.